Erigone: wadan gizo-gizo, rikicin sunansa da abin da ya haɗa danginsa da fadamar Rima

Erigone sunan wani jinsi ne na ƙananan gizo-gizo waɗanda tsawon jikinsu bai cika wuce milimita 3 ba, wato kusan girman ƙwayar gero. Masana sun rubuta nau'i wajen ɗari a ƙarƙashin wannan suna, kuma ana samun su a yawancin nahiyoyin duniya. Daga sunansa aka ciro na babban reshen da yake ciki, Erigoninae, wanda ake yi wa laƙabi da wadannin gizo-gizo saboda ƙanƙantarsu. Ba su da haɗari ga mutum, ba su kuma taɓa amfanin gona. Abincinsu ƙananan ƙwari ne, ciki har da masu ɓarna a gonakin hatsi da kayan lambu. Wannan ne ya sa sanin su da rarrabe su ya shafi manomin shinkafa da albasa na Wurno, Rabah da Goronyo, ya kuma shafi hukumomin da ke sayen maganin feshi da kuɗin jama'a.

Matsayinsa a jerin halittu

A Hausa kalma ɗaya ce ke ɗauke da kusan dukkan waɗannan halittu. Mukan ce gizo-gizo, wani lokaci tautau, sai kuma Gizo mijin Ƙoƙi na tatsuniya. Hatta intanet daga saƙarsa ta samo sunan yanar gizo. A wajen masana kuwa, gizo-gizo rukuni ne mai faɗi ƙwarai. Kundin gizo-gizo na duniya, wanda gidan adana tarihin halittu na birnin Bern a Suwizalan ke kula da shi, ya kai nau'i 50,000 a watan Afrilun 2022, kuma kowace shekara ana ƙara ɗaruruwa.

Tsarin rarrabewar hawa-hawa ne, kamar yadda ake jera ƙasa, jiha, ƙaramar hukuma da gunduma. A sama akwai babban rukunin halittu masu gaɓoɓin ƙafa da ɓawon jiki, Arthropoda. A cikinsa akwai ajin Arachnida, masu ƙafa takwas, inda gizo-gizo ya haɗu da kunama da kaska. Ƙwari irin su fara da sauro ƙafa shida gare su, don haka ajinsu daban ne. Gizo-gizo zalla su ne Araneae, waɗanda aka kasa dangi-dangi, sama da dangi ɗari. Kowane dangi ya ƙunshi jinsuna, kowane jinsi kuma ya ƙunshi nau'o'i.

Dangin Erigone shi ne Linyphiidae, wanda masanin Ingila John Blackwall ya raɗa wa suna a 1859. Shi ne na biyu a yawa a duniya, bayan dangin gizo-gizo masu tsalle, da nau'i sama da 4,700 a cikin jinsuna fiye da 600. Reshen Erigoninae ne mafi girma a cikinsa.

Kowane nau'i yana da suna mai kalma biyu, ta farko ta jinsi, ta biyu ta nau'in kansa, kamar Erigone atra da Erigone dentipalpis, waɗanda ke cikin gizo-gizon da suka fi yawa a gonakin alkama na Turai. Wannan salo ya kafu ne da littafin Carl Linnaeus na 1758, amma gizo-gizo sun riga sauran dabbobi da shekara guda, domin ɗan ƙasarsa Suwidin, Carl Clerck, ya sa wa wasunsu irin waɗannan sunaye tun 1757, kuma har yau ana aiki da su.

Kamanninsa

Jikin Erigone kashi biyu ne kamar na kowane gizo-gizo: gaba, inda kai da ƙirji suka haɗu, da baya, wato ciki. Launinsa baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu, yana sheƙi. Idanunsa takwas. Alamar da ta fi fito da shi, musamman namiji, ita ce jerin ƴan ƙayoyi kamar haƙoran zarto a gefen ɓawon gabansa da kuma kan muƙamuƙansa. Namijin yana da wasu dogayen ƴan hannuwa biyu kusa da baki, masu tsini a gwiwa, kuma da ƙarshensu yake isar da iri ga tamata.

Waɗannan ƴan hannuwa su ne katin shaidar gizo-gizo. Nau'i biyu kan yi kama da juna a launi da girma har ido ya kasa raba su, amma siffar gaɓar haihuwar namiji da ta tamata ta bambanta daga nau'i zuwa nau'i kamar makulli da kwaɗonsa. Saboda haka ba a tantance wadan gizo-gizo da hoton waya. Sai an sami baligi, an sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, an kwatanta da zanen da aka buga lokacin raɗa sunan.

Wasu jinsunan reshen suna da abin mamaki da ya wuce haka. Mazansu na da ƙusumbi ko ramuka a ka, masu fitar da wani ruwa da tamata ke lasa lokacin barbara. A nau'in Walckenaeria acuminata na Turai, kan namiji ya miƙe kamar hasumiya, idanunsa na jere a jikinta.

Saƙar Erigone ba irin mai zagaye ba ce da ake gani tsakanin rassan itace. Ɗan shimfiɗaɗɗen mayafi ne da bai kai tafin hannu ba, a kan ɗan rami ko tsakanin gindin ciyayi, kuma an fi ganin sa da sassafe idan raɓa ta kwanta a kai. Gizon kan rataye a ƙarƙashinsa yana jira, wani lokaci kuma ya bar saƙar ya bi abinci a ƙasa.

Yadda suna ya bar mai shi

Tarihin sunan Erigone ya faro ne a Afirka. Lokacin da Napoliyon ya mamaye Masar a 1798, ya tafi da ayarin masana, cikinsu akwai Jules-César Savigny, wanda ya tattara ƙananan halittu ya shirya zanensu. Ciwon ido da rashin lafiya suka hana shi kammala bayanin, sai aka ɗora wa Victor Audouin aikin. A 1826 aka buga sunan Erigone, wanda aka aro daga sunan wata mace a tatsuniyoyin Girkawa, tare da nau'in farko, Erigone vagans.

A ƙa'idar raɗa wa dabbobi suna, kowane jinsi yana da nau'i guda da ake ɗauka a matsayin ma'auni. Sunan jinsi yana liƙe da shi. Duk inda aka kai shi, sunan zai bi shi. Shekaru suka wuce ana ta zuba sababbin nau'o'i cikin Erigone daga Turai, Amurka da Asiya. Da aka zurfafa nazarin gaɓoɓin haihuwa, sai ta bayyana cewa ma'aunin kansa, wato gizon Masar, ya bambanta da galibin waɗanda aka jingina masa. In da za a bi ƙa'ida sak, da sai a bar masa sunan, a sauya wa gomman nau'o'in da masana aikin gona suka riga suka rubuta littattafai a kansu.

Aka kai maganar gaban hukumar duniya mai kula da sunayen dabbobi, wadda ke da ikon jingine ƙa'ida idan bin ta zai jawo ruɗani. Ta amince a mayar da Erigone longipalpis, wani nau'i na gaɓar tekun Turai da Carl Sundevall ya bayyana a 1830, ya zama sabon ma'auni. A 1988 masanin Ingila A. F. Millidge ya buɗe wa gizon Masar sabon jinsi mai suna Prinerigone. Yau sunansa Prinerigone vagans, kuma ana samun sa a wurare masu damshi na kudancin Turai, arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya. Wanda aka ƙirƙiri sunan dominsa shi ne ya tashi ya bar gidan.

Gyaran bai tsaya nan ba. A shekarar 2000 Gustavo Hormiga ya buga wani babban nazari kan dangantakar jinsunan Erigoninae, kuma binciken ƙwayoyin gado da ya biyo baya ya nuna cewa iyakokin rassan dangin ba su miƙe kamar yadda aka zata ba. Rarrabe halittu aiki ne da ake bita kullum, kuma sunan da aka sauya ba ya ɓacewa. Ana ajiye shi a kundi domin mai karanta tsohon rahoto ya gane halittar da ake nufi.

Tafiya a iska

Wadan gizo-gizo ba shi da fiffike, amma yana cikin halittun da suka fi yin nisa a sama. Yakan hau kan tsinin ciyawa, ya miƙe ƙafafu, ya ɗaga ciki, ya saki zaren siliki, iska ta ɗauke shi. A yawancin dangogi ƴaƴa ne kawai ke yin haka, amma a nan har manya suna tashi saboda rashin nauyi. A 1832 Charles Darwin ya ga ɗimbin ƙananan gizo-gizo sun sauka a kan jirgin ruwan Beagle alhali yana kimanin mil 60 daga gaɓar Ajantina. A 2018 Erica Morley da Daniel Robert na Jami'ar Bristol suka nuna, da gwaji a kan Erigone, cewa gashin ƙafarsa yana jin ƙarfin lantarkin da ke cikin sararin sama, kuma wannan ƙarfi kaɗai kan iya ɗaga shi ko babu iska.

Amfanin wannan ga noma a fili yake. Gona wuri ne da ake birkitawa kowace kaka: a yi huɗa, a cika da ruwa, a girbe, wani lokaci a ƙone. Mafarautan da ke tafiya a ƙasa kan daɗe kafin su komo. Masu zuwa ta sama kuwa suna cikin na farkon sauka, tun shuka na ƙarama.

Danginsa a Najeriya da maƙwabta

Dangin Linyphiidae ya fi yawa a ƙasashe masu sanyi na arewacin duniya. A Afirka an fi samun nau'o'insa a kan duwatsu masu tsawo da dazuzzuka masu laima, kamar Dutsen Kamaru da tsaunukan gabashin nahiyar. Prinerigone aethiopica, ɗan'uwan gizon Masar, an rubuta shi a Kamaru, Kenya da Tanzaniya. Erigone prominens, wanda aka fara bayyanawa a Japan a 1906, ya bazu har Afirka, Ostareliya da New Zealand.

Aikin da ake komawa gare shi kan wannan dangi a Najeriya shi ne na G. H. Locket da A. Russell-Smith, wanda aka buga a 1980 a mujallar ƙungiyar masana gizo-gizo ta Birtaniya. A cikinsa suka raɗa sababbin jinsuna, ciki har da Ibadana, mai ɗauke da sunan birnin Ibadan, wanda nau'insa guda ne tak, Ibadana cuspidata, da aka sani a Najeriya da Kamaru. Akwai kuma Pseudomaso longipes, wanda a Najeriya kaɗai aka rubuta shi.

Ibadan bakin kurmi take, ruwan sama na sauka a can mafi yawan watannin shekara. Gabashin Sakkwato kuwa damina ba ta wuce wata huɗu, zafin bazara yana haura digiri 40. Jerin halittun can ba zai tsaya a madadin na nan ba.

Fadamar Wurno, Rabah da Goronyo

A ƙasa mai fari irin wannan, ƙaramar halitta mai saurin bushewa tana dogara ne da inda ruwa yake daɗewa, wato fadama. Gulbin Rima ya ratsa Goronyo da Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar ribaɗi kuma aka binne shi a 1837. Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, tana bakin gulbin Sakkwato. Gulaben biyu sun haɗu kusa da birnin Sakkwato.

Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 aka buɗe a 1992, an gina ta ne don ta riƙe ruwa mita miliyan 942 na murabba'in zurfi, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Ita da madatsar Lugu da ke shayar da filayen Wurno sun tsawaita kore a kwarin zuwa tsakiyar rani, ana noman shinkafa, alkama, albasa da tafarnuwa. Ma'anar wannan ga ƙwari ita ce abinci ba ya yankewa, ga masu ɓarna da masu cin su baki ɗaya. Haka kuma kwarin ya san ambaliya, kamar ta Satumbar 2010 da ta cinye gonaki da ƙauyuka. Bayan irin wannan, rayuwar gona daga farko take somawa, kuma wanda ya riga sauka shi ke da rinjaye.

Maƙiyan shinkafa a Afirka ta Yamma sanannu ne. Akwai tsutsar kara, mai shiga cikin karan ta busar da zangarniya. Akwai wani ɗan ƙuda, Orseolia oryzivora, wanda tsutsarsa ke sa ganyen shinkafa ya naɗe kamar na albasa, ya ƙi yin kai. Ya yi mummunar ɓarna a yankin Abakaliki a 1988. Albasa kuma tana fama da wani siririn ƙwaro, Thrips tabaci, mai kankare ganye har ya yi fari-fari. Gizo-gizo ba zai kai ga tsutsar da ta riga ta shige cikin kara ba. Abin da yake kamawa shi ne ƙananan ƙudaje, darɓa, da ƴaƴan ƙwari masu tsotso tun ba su yi yawa ba. Wani ƙiyasi da Martin Nyffeler da Klaus Birkhofer suka buga a 2017 ya ce gizo-gizon duniya na kashe tan miliyan 400 zuwa 800 na abin farauta a shekara. Hausawa sun ce raina kama ka ga gayya.

Darasin Asiya

Inda aka fi nazarin wadan gizo-gizo a gonar shinkafa shi ne Asiya. Wani nau'i da aka bayyana a Taiwan a 1977 da sunan Callitrichia formosana, wanda ya daɗe a littattafan noma da sunan Atypena formosana, yana zaune a gindin shinkafa dab da ruwa yana cin ƴaƴan ƙwari masu tsotso. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Los Baños a Filifin ta sa shi cikin abokan manomi. Jinsin Callitrichia kansa a gabashin Afirka aka fara bayyana shi a 1936. Wanda bai san sunayen nan biyu halitta ɗaya suke nufi ba, rabin abin da aka rubuta a kanta zai wuce shi.

A shekarun 1970 da 1980 Indonesiya ta zuba tallafi mai yawa kan maganin feshi. Sakamakon ya zo a juye. Wani ɗan ƙwaro mai ruwan ƙasa mai tsotse karan shinkafa, Nilaparvata lugens, ya ɓarke fiye da da, domin maganin yana kashe gizo-gizo da sauran mafarauta, ƙwan ƙwaron kuwa yana ɓoye cikin kara, ya ƙyanƙyashe ya tarar babu mai cin sa. A 1986 Shugaba Suharto ya hana amfani da magunguna 57 a gonar shinkafa, daga baya aka janye tallafin, kuma a 1989 aka fara makarantun gona, inda manoma ke shiga fangali suna ƙirga masu ɓarna da masu cin su kafin su yanke shawarar feshi. Wani bincike da William Settle da abokansa suka buga a 1996 daga tsibirin Java ya ƙara haske: a farkon kaka mafarautan suna rayuwa ne kan ƙananan halittun da ke cin ruɓaɓɓen ganye da taki, don haka takin gargajiya yana ƙara yawansu, feshin wuri kuma yana karya su tun kafin maƙiyi ya iso.

Wancan ƙwaro na Asiya ne, kuma ba za a kwafo lissafin Java a liƙa wa Goronyo ba. Abin da za a ɗauka shi ne hanyar: sun san sunan maƙiyi, sun san sunan mai cin sa, sun ƙirga, sannan gwamnati ta sauya manufa.

Abin da ya rataya a wuyan hukuma

A Najeriya maganin ƙwari da na ciyawa na cikin kayan da ake raba wa manoma a shirye-shiryen tallafi, kamar yadda aka yi a shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015. A wannan shekarar ce Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a cikinsa. Rajistar magungunan na hannun NAFDAC, shawarar lokacin feshi kuwa ta malaman gona ce. Malamin gona ba zai iya cewa a dakata da feshi ba sai yana da jerin abokan manomi na yankinsa da hanyar gane su.

Haɗa irin wannan jeri ba ya buƙatar biliyoyi. Ana binne ƴan kofuna daidai da fuskar ƙasa a kan kunya da bakin magudanar ruwa, ana kaɗa ragar kama ƙwari cikin shuka, a adana abin da aka samu cikin sinadarin itanol, a rubuta wuri, rana da irin amfanin gona. Sai a maimaita a damina, da hunturu, da bazara. Abin da ke da wuya shi ne gwanin da zai tantance, da ɗakin ajiya da zai riƙe samfurin shekara hamsin ba tare da ya bushe ba. Tun 2003 ana haɗawa da karanta wani guntun ƙwayar gado, amma ita ma ba ta ba da suna sai an riga an shigar da nau'in cikin kundi.

Akwai tubalin farawa. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana bakin wannan fadama, Jami'ar Ahmadu Bello na da ɗakin adana ƙwari a Samaru, cibiyar binciken hatsi ta ƙasa da ke Badeggi kuma ita ke da alhakin shinkafa. Afirka ta Kudu ta nuna abin da zai yiwu: ƙidayar gizo-gizo da ta fara a 1997 ƙarƙashin jagorancin Ansie Dippenaar-Schoeman ta rubuta nau'i sama da 2,000 a ƙasar. Najeriya ta amince da yarjejeniyar duniya kan kare bambancin halittu a 1994, kuma gano halittun ƙasa da bin diddiginsu na cikin alkawuran da ta ɗauka a ciki.

Saboda haka, duk lokacin da aka karanta kasafin noma na jiha ko na tarayya, akwai tambayoyi uku da za a iya yi wa ɗan majalisa ko kwamishina: nawa aka ware don sayen maganin feshi, nawa aka ware don horar da malaman gona kan lokacin da feshi ya wajaba, nawa kuma aka ware wa masu binciken abin da ke zaune a gindin shinkafar Wurno, Rabah da Goronyo.